Garuruwanmu na gabashin Sudan sun cika da ƴan gudun hijira, kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Bur Sudan:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na bi layin ruwa tun bayan asuba sai da hantsi na samu jarka biyu, kuma duk waɗanda ke gabana ba wanda na sani, ni da aka yanke min cibiya a unguwar. A ƙidayar 2008 garin nan bai kai mutum dubu 400 ba, amma da yaƙi ya tashi a Kartum ran 15 ga Afrilu 2023 gwamnati ta dawo nan da ma'aikatunta, kowa ya biyo baya. Dama can ruwa shi ne ciwon garin nan, sai ga madatsar Arba'at ta ɓalle a Agusta 2024, ita muke sha. Mutanen Kasala da Gadarif, ku ma haka ne?

Uwar Biyu, Gadarif:
Wa alaikumus salam yayana. Mu namu ya zo ne da garin Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF masu yaƙi da sojoji a Disamba 2023, ba mu gama numfasawa ba mutanen garin Sinja suka iso tsakiyar 2024. Gidanmu ɗaki uku ne, sai da muka kai mu ashirin da ɗaya wlh, ƴan uwan maigida da surukan ƙanwata har da wata tsohuwa da suka tsinta a hanya ba ta san inda ƴaƴanta suke ba. Maza a tsakar gida kan angarib, wato gadon igiya, in ruwan sama ya sauko cikin dare kowa ya ɗauki gadonsa ya ruga zaure, kun san laƙar Gadarif in ta jiƙe takalmi ma cire maka take. Tukunyar da nake ajiyewa sai suna ko biki ita ta zama ta kullum. Abin da ya fi tsorata ni banɗaki ɗaya, ga kwalara tana yawo a gari lokacin, kullum ina bin yara da sabulu. Allah dai ya tsare.

Tela daga Kartum:
Ni ina cikin waɗanda suka cika muku garin. Daga Kartum zuwa Madani, daga Madani zuwa Kasala, da keken ɗinkina na cire kansa na naɗe a bargo. Wani mai gida ya ce sai kuɗin hayar wata shida a dunƙule, ni ko na wata ɗaya ba ni da shi, muka ƙare a ajin makaranta mu iyali huɗu, zannuwa muka ɗaura a igiya suka zama bango. Ba yunwa ce ta fi ci min rai ba, sunan nan ne na nazihin, wato ƴan gudun hijira. Shekara ashirin ina da shagona da yara uku ƙarƙashina, yau ko yaro ya gan ni sai ya ce ga nazih.

Dattijon Maiwurno:
Ɗana ka yi haƙuri da sunan. Kakanninmu ma da ƙafa suka shigo ƙasar nan daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, a bakin kogi suka sauka ba su da ko bukka, ga Maiwurno yau gari guda. Masu gidajen haya ku ji tsoron Allah.

Mai shago a Kasala:
Baba gaskiya ka faɗa, amma ba duka haɗama ba ce. Jine, kuɗin ƙasar nan, ya faɗi, buhun sukarin da na sayar yau gobe kuɗin ba ya sayo min wani, haka mai gida ma yake ji. Kuma baƙin nan sun kawo hannu, layinmu yanzu akwai mai gyaran waya da mai gidan burodi da wata ma'aikaciyar jinya da ke duba mana yara, duk daga Kartum. Ciniki ma kusan duk ta Bankak, manhajar banki ta waya, ake yi tunda tsabar kuɗi ta yi wuya.

Uwar Biyu, Gadarif:
Haka ne, lokacin yankan riɗi samarin gidanmu duk gona suka tafi ƙodago, yaran birni da ba su taɓa riƙe lauje ba, suka dawo hannu duk kanta amma da kuɗin cefane.

Ɗan Bur Sudan:
Tela, tunda sojoji sun karɓe Madani a Janairu 2025, Kartum a Maris, na ga motoci suna ta cika suna komawa. Kai fa?

Tela daga Kartum:
Ƙanena ya je ya dubo, ƙofa da tagogi da wayoyin lantarki duk an cire. Na samu rumfa a bakin kasuwa nan, ɗinki yana shigowa, yarana biyu sun fara makaranta duk da ajin nasu a ƙasa wasu ke zama. Maiɗakina kullum zancenta gida, ni na ce mu bari damina ta wuce. Dan Allah in akwai wanda ya san ɗaki biyu a Kasala mai sauƙin kuɗi ya yi min magana, ko ba famfo zan ɗebo.