"Da babu gara ba daɗi": har a kan abincin da ka biya kuɗinsa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. A raba mu gardama da wani abokina. Mun shiga wani gidan abinci aka kawo mana shinkafa da miya. Shinkafar ta sandare a gefen faranti, man miyar ya daskare a sama, naman kuma da ka kai shi hanci ka san ya kwana. Na ajiye cokali na ce a kira mai wurin. Abokina ya ce in rufa wa kaina asiri in ci, wai da babu gara ba daɗi. Shi ya cinye nasa tas, ni na biya na tashi da yunwata. Wa ke da gaskiya?

Dattijo:
Wa alaikumus salam. Yaro, abokinka ya ɗauko magana mai kyau ya ajiye ta inda ba muhallinta ba. Ana faɗinta ne ga wanda bai da zaɓi: matafiyin da dare ya yi masa a hanya, ko magidancin da wata ya yi nisa aljihu ya bushe. Kai kuwa da kuɗinka a hannu, ga wasu gidajen abinci a buɗe. Ina "babu" a nan?

Uwar 'yan biyu:
Baba, ka yi mini afuwa, ni ina bayan abokin nasa. Abinci dai an riga an zuba, in bai ci ba kwandon shara za a kai shi. A gidana ko loma ba ta zubewa. Shinkafar da ta rage da dare da safe nake soya ta da albasa da ƙwai, yara su ci su tafi makaranta, burodin da ya bushe in gasa shi. Suna turo baki in ce musu da babu gara ba daɗi, kuma su cinye. To me ya bambanta ɗumamena da farantin gidan abinci?

Dattijo:
Hajiya, ke kin san lokacin da kika sauke tukunyarki da inda ta kwana. Shi bai san komai a kan nasa ba sai abin da hancinsa ya gaya masa.

Ma'aikaciyar jinya:
Nan ne gizo ke saƙar. Karin maganar ta ce ba daɗi, ba ta ce mai cutarwa ba. Abincin da gishiri bai ji ba, ko wanda ya huce, wannan shi ne ba daɗi, a ci a gode wa Allah. Naman da ya fara wari kuwa wani abu ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, wajen 420,000 kuma su rasu.

Kuma Hajiya, ki kula da shinkafar nan taki. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta kashe ƙwayayenta duka. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye cikin ɗumi sai su farfaɗo su saki guba, gubar kuma ko an sake soyawa tana nan daram. Wari ma ba lallai ta yi ba. Shi ya sa ake cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, a sa shi a firji ƙasa da digiri 5, in za a ɗumama kuma a bari ya yi zafi sosai har cikinsa, sau ɗaya kawai.

Uwar 'yan biyu:
Tawa tana hucewa nake raba ta a ƙananan robobi in sa a firji. Ba na barin ta ta kwana a tukunya.

Ma'aikaciyar jinya:
To ke kin fita, Hajiya.

Tsohon kuku:
Na yi aiki a kicin ɗin gidajen abinci, bari in faɗi abin da ba a so a ji. Irin abokin nan naka su ne ke ɓata masu sana'ar. Muddin faranti ya dawo wayam, mai wuri cewa zai yi abinci ya karɓu, gobe ma ya zuba miyar jiya a kan ta yau. Amma in faranti uku suka dawo ba a taɓa ba, kafin yamma an sauya tukunya. Kai ma mai tambaya da laifinka, me ya sa ka biya? Da ka ce a canza maka cikin mutunci, ba da hayaniya ba. Yawanci za a canza, don ba mai son a ji a teburin kusa.

Malamin makaranta:
Ni karin maganar da ta fi dacewa da shi ita ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Su biyun kamar suna karo da juna, amma kowacce da ranarta. Sai dai kada mu yi wa Hajiya dariya, domin ɓarnar ta fi yawa a gidajenmu. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce abincin da aka zubar a 2022 ya haura tan biliyan 1, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje ne, kashi 28 daga wuraren sayar da dafaffen abinci. A Faransa tun Yulin 2021 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba ka abin da za ka ƙunshe ragowarka in ka nema. Da yawanmu kunya ke hana mu cewa a ƙulle mana, alhali mun biya.

Uwar 'yan biyu:
Ni ba na jin wannan kunyar, Malam. Amma gaskiya naman da ya yi wari ko ni ba zan ƙunso wa yarana shi ba. Na janye rabin maganata, rabi kawai.

Dattijo:
Rabin da kika riƙe ma ina tare da ke. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da karin magana abin toshe bakin mai gaskiya. Mai gidan abinci da zai ce maka da babu gara ba daɗi, ka tambaye shi ko zai karɓi rabin kuɗi a kan wannan hujjar.

Mai tambaya:
Baba, wannan tambayar zan ajiye ta. Ma'aikaciyar jinya, miyar da ta rage fa, kwana nawa za ta yi a firji kafin a haƙura da ita?

Ma'aikaciyar jinya:
Kwana 3 zuwa 4 in firjin yana sanyi ba yankewa. Shinkafa kuwa kada ta wuce washegari. In kin san ba za a ci da wuri ba, Hajiya ke ma, a kai ta wurin ƙanƙara tun ranar farko.