Wa ya kalli kashi na 8 na fim ɗin kisan dillalin shanu?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya kalli kashi na 8 na fim ɗin nan mai dogon zango wanda anka saki a YouTube daren Juma'a? Ni dai har yanzu abin bai bar raina ba. Mun kalle shi a shagon cajin waya nan Mabera mu wajen goma kan waya guda, janareta na ta ƙara, amma da anka zo wurin da sufeto ya zamna da yaron gidan mamacin a ofis wallahi kowa ya yi tsit har mai shayi ya bar ƙwai bisa wuta ya matso. Yaron nan bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, ba zare ido ba dariyar mugunta irin wadda munka saba gani, hularshi kawai yake murzawa a hannu yana kallon ƙasa, da anka aje mishi ruwa ya kai kofin baki ya mayar bai sha ba. Nan na san shi ya kashe maigidanshi tun ba a faɗi ba. Daraktan kuma ya bar kyamara kan fuskarshi bai sa kiɗa ba. To ni kaɗai na ga yaron ya fi sufeton iya wasa? Don abokina cewa ya yi yaron zama kawai ya yi.

Maman Khalifa, Arkilla:
Wa'alaikumus salam ƙanena, ba kai kaɗai ba ne. Amma ni uwar yaron ta fi taɓa ni, da ta zo caji ofis da kwanon tuwo a ɗaure cikin ɗankwali anka hana ta shiga ta tsaya bakin kanta tana cewa ɗiyana bai ci komai ba tun jiya. Kuma da Sakkwatanci ta yi magana, ka san a finafinan Kano in ka ji harshenmu to barkwanci za a yi, wannan karon an sa shi bakin uwa mai kuka kuma ba wanda ya yi dariya. Na share hawaye ban ɓoye ba.

Akawun lauya:
Wasan ya yi, ba musu. Inda daraktan ya ba ni haushi wurin shari'a ne. Kisan kai sashe na 221 ne na Final Kod, wato kundin dokar laifuka na Arewa, hukuncinshi kisa, Babbar Kotun Jiha ke sauraro, amma sai ga majistare ya yanke hukunci zama ɗaya. Kuma DPO ba ya riƙe irin wannan kes, CID ta jiha, wato sashen binciken manyan laifuka na 'yan sanda, ake turawa, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a a jira shawara, wani lokaci watanni mutum na gidan yari. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda anka kama damar yin shiru sai ya ga lauya, a fim ɗin ko sunan lauya ba a ambata ba. Mutanenmu da yawa daga fim suke sanin doka, shi ya sa abin ke damuna.

Alhajin Tudun Wada:
Ku yi wa sufeton adalci yara. Da bai iya haƙuri ya jira ba, yana juya biro yana maimaita tambaya guda sau uku, shirun yaron ba zai yi nauyi ba. Ni matsalata jan labari, kashi na 5 da na 6 soyayyar ɗiyar sufeto kawai anka yi muna, data ta ƙare a banza.

Ɗan Mabera:
Gaskiya ne Baba Alhaji, na sake kallon wurin yanzu da iyafis, ashe har numfashin sufeton ana ji kafin tambaya ta uku. Malam akawu don Allah in yaron ya ce tilasta mishi anka yi ya amsa, kotu na karɓar wannan ikirarin?