Musayar Waƙa: Kujerar Harlem, Wa Ya Shata Ta, Wa Ya Hau?

Mai Tawada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Batun makon nan mazaɓar Harlem ce ta birnin New York a Amurka, kujerar Majalisar Wakilai ta tarayya da yanzu ake kira ta 13. Wanda zai kawo shekara ya kawo ta daidai. Na buɗe.

Da sunan Ta'ala nake fara zance,
Kujera ta Harlem nake fayyacewa.

Azabar Kudanci ta kai intaha, sai
Baƙaƙe suke ta gudowa Arewa.

Su sauka a Harlem, su kama haya nan,
Gida ɗai, iyalai tuli na rabawa.

Da sun kai yawa sai a shata iyaka,
A 1944 Powell yai lashewa.

Baƙi ne na farko da New York ta aika
Wakilci a can, ga shi baki da tsawa.

Sarkin Zambo:
Wa alaikumus salam, Malam.

Mai Tawada ka zo da sauri,
Ka ɗora Powell babu tsari,
Wa ya shata layin tun da fari?
Ka tsallake, ko ba ka sani ba?

Kujera ba ta faɗowa daga sama,
Wani ke zana ta da alƙaluma,
Kai ko yabo ka iya, ka gama,
Tarihi bai zama kirari ba.

Gwanin Ƙidaya:
Sarki, ga amsa, ko da yake na san kai ma neman sani kake.

Matakin farko a yi ƙidaya,
Duk shekara goma, sau ɗaya,
Yaro da babba, baƙo da ɗan haya,
Kowa a rubuta shi gaba ɗaya,
Ko ba shi da ikon jefawa.

Na biyu a kawo kujerun tarayya,
435 ne, ba ƙari ko ɗaya,
Jiha hamsin, kowacce a ba ta ɗaya,
Saura a raba su bisa ƙidaya,
Mai ƙaruwa shi ke ƙwacewa.

Na uku jiha ta ɗau almakashi,
Ta yanka taswira sashi-sashi,
Kowane yanki daidai da ɗan'uwanshi,
Kotun Ƙoli ta kafa wannan harsashi,
A 1964, ba sassautawa.

Ƙidayar 2020 ta samu mutum 20,201,249 a jihar New York. Kujera 26 aka ba ta, ke nan kowace mazaɓa wajen mutum 776,971. Da an ƙirga mata ƙarin mutum 89 kacal da ta riƙe kujerarta ta 27. Jihar da ta taɓa riƙe 45! Duk lokacin da kujera ta ragu, dole sauran mazaɓun su faɗaɗa su ɗebo unguwannin maƙwabta. Ku riƙe wannan, za ku neme shi a gaba.

Sarkin Zambo:
Gwani ka zubo mana alƙaluma,
Sai ka ce mai karanta kasafin hukuma,
Baitinka na biyu yana kyarma,
Waƙa muka ce, jadawali ba mu nema ba.

Mai Tawada:
Ku bar ni da Powell, gwanin mumbari ne,
Na cocin Abyssinian mai cikowa.

A titi na 125 ya ce wa jama'a,
Kantin da ya hana ku aiki, ku yi ƙauracewa.

Kwamitin ilimi da ƙwadago ya riƙe
Tun 1961, dokoki suna ta wucewa.

A 1967 majalisa ta hana shi zama,
Mutanen gari suka sake turawa.

A 1969 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya,
Wanda jama'a suka zaɓa ba a korewa.

Gwanin Ƙidaya:
Gyara kaɗan, Malam. Kotu ba ta ce ba a korar ɗan majalisa ba. Cewa ta yi ba a hana zaɓaɓɓe hawa kujerarsa muddin ya cika sharuɗɗa uku na tsarin mulki: shekara 25, zama ɗan ƙasa na shekara 7, da zama mazaunin jihar. Kora tana nan, amma sai da kashi biyu bisa uku na majalisa, bayan an rantsar da shi.

'Yar Fasaha:
Yaya Mai Tawada, a hankali dai.

Ka ce gwani ne, na yarda da kai,
Amma kujera ba a barin ta ita kaɗai,
Yana tsibirin Bimini, hutu kawai,
Harlem na jira, zaure na kira.

A 1970 Rangel ya fito,
Tsohon sojan yaƙin Koriya ne, ba fasto,
Ratar 'yar kaɗan ce, amma ta yi ceto,
Shekara 46 yana kan kujera.

Kwamitin haraji ya kai gare shi,
A 2007 aka danƙa mashi,
Baƙi na farko da ya shugabance shi,
Kawo naka, Yaya, mu gwada tsara.

Sarkin Zambo:
Hajiya kin wasa naki gwani,
Kin ɓoye Disambar 2010, mun sani,
'Yan majalisa 333 suka yi tir da shi, kowa ya gani,
79 kacal ne ba su yarda ba.

Gidan hutu a Jamhuriyar Dominika,
Haya na shiga, haraji ya maƙale a jaka,
Shi ko mai rubuta dokar harajin Amurka,
Bai karanta abin da ya rubuta ba.

Mai Tawada:
Allah ya ja zamanin Sarki! Yau ka yi magana.

'Yar Fasaha:
Tafi ya yi maka wuri, Yaya.

Naka hukuncin ɓata suna ya hau kansa,
Bai biya ba, sammaci na bin bayansa,
Sai ran Lahadi yake leƙo mazaɓarsa,
Ran da doka ba ta kama mai bashi a tara.

Nawa an tsawatar, ya tsaya a zaure,
Ya ji da kunnensa, ya yi shiru, ya daure,
Ya koma gida, ƙuri'a ta sake ɗaure,
Zaɓe biyu ya ƙara, sannan ya bar kujera.

Baba Mai Aruli:
Kwana biyu ban leƙo ba, na tarar an yi wa kari kaca-kaca. Mai Tawada, ɗana, ka fara da Mutaƙarab mai kyau, baiti uku ba tangarɗa. Karanta ɗangon nan naka da baki: "A alif ɗari tara da arba'in da huɗu Powell yai lashewa." Gaɓa 20 ke nan, a gurbin 12. Shekarar kaɗai ta cinye 13. Ka ɓoye ta cikin lamba huɗu kana zaton kunne bai gani ba.

Ku zo nan, ɗiyana, mu auna ma'auni,
Mu ga wanda zai kai, da mai karkacewa.

Fa'ulun, fa'ulun, fa'ulun, fa'ulun,
Hakan ne awonsa, a daina daɗawa.

Mazan da da ramzi suke ɓoye lamba,
Ku kun jibga taku, kuna ta wucewa.

Kai kuma Sarki, amsa-amon "ba" na kore magana ai bashi ne, kowa ya iya cin sa.

Mai Tawada:
Allah ya gafarta Malam, ni na sa sharaɗin a kawo shekara daidai. In na rubuta ta da ramzi, mutum nawa a zauren nan za su warware? Lamba ta ido ce, a tsallake ta a rera sauran.

Baba Mai Aruli:
Abin da ba a rerawa ba ya shiga ɗango. Sa shi a ƙasa cikin zube, kamar yadda Gwani ya yi da nasa miliyoyin.

Sarkin Zambo:
Baba ya zo da sandar awo,
Ya ce "ba" ɗina bashi na ciwo,
Manyan da ma da ita suka yi yawo,
Ka auna su, ko hannunka bai kai ba?

'Yar Fasaha:
Baba yana da gaskiya a kan Yaya. Ni nawa dai ban ce Mutaƙarab ba ne, kiɗan baka ne.

Baba Mai Aruli:
Ke ma "a tara" kika cusa don amsa-amo ya fita. Me aka tara?

'Yar Fasaha:
Jama'a, Baba. Ran Lahadi ai coci cike yake.

Ɗan Auta:
Ku yi haƙuri manya, an bar batu.

Manya kun shagala da awon gaɓa,
Almakashi ya bi ta kan mazaɓa.

A 2012 majalisar jiha ta kasa,
Kotun tarayya ta zana, ta ƙarasa.

Layi ya haura, ya ƙetare ruwa,
Ya ɗebo Bronx, unguwa bayan unguwa.

Masu Sifaniyanci kashi 55 cikin ɗari,
Baƙaƙe wajen rubu'i, ga sabon tsari.

Amma Rangel ya sha, da rata wajen dubu,
Sarki, faɗi dalili, in akwai ko babu.

Sarkin Zambo:
Auta, yaushe ka yi baki?
Jiya-jiya kake koyon baƙi,
Tambayi Gwani, shi ne mai aiki,
Sarki bai zama ɗan aikenka ba.

Gwanin Ƙidaya:
Ma'ana bai sani ba. Ga shi, Auta.

Ƙidaya kawuna take ƙirgawa,
Akwati ko ɗan ƙasa ke jefawa,
Baƙo mai katin zama ba ya taɓawa,
Wanda bai kai sha takwas ba, ba ya isowa,
Kashi 55 ya zube kafin rumfa.

Na biyu, masu Sifaniyanci ba ɗaya ba ne,
Gabashin Harlem 'yan Puerto Rico ne,
Tun 1917 su 'yan ƙasa ne,
Washington Heights da Inwood 'yan Dominika ne,
Kowa da tutar da ya kafa.

Na uku, zaɓen Nuwamba biki ne kawai,
Dimokurat ke ci, an sani sarai,
Fidda gwani a Yuni nan ake fasa kai,
Kuma mai rajistar jam'iyya shi kaɗai
Ke shiga layi ya je ya jefa.

Haɗa ukun. Mazaɓa mai mutum sama da dubu ɗari bakwai, amma 'yan dubbai gomai ne ke yanke hukunci a Yuni, kuma da yawansu dattawa ne da suka daɗe a unguwa, masu coci da ƙungiyoyi. Waɗannan su ne mutanen Rangel. Ga shi mahaifinsa ɗan Puerto Rico ne. Zaɓen na 2012 ma an sha fama da ƙirgarsa: a daren zaɓe aka ce Rangel ya ci, daga baya aka ga akwai rumfunan da sakamakonsu bai shiga ba, ga ƙuri'un waɗanda ba a ga sunansu a rajista ba suka jefa bisa rantsuwa. Rata ta dinga raguwa, aka je kotu, sai a Yuli abokin takararsa Adriano Espaillat ya sallama. Ya sake gwadawa a 2014, ya sake faɗuwa.

Ɗan Auta:
To ku ba ni fili, nawa gwanin ya iso.

A 2016 dattijo ya ce ya huta,
Keith Wright ya nuna, ya ce ga mai gadonta.

'Yan takara suka yi yawa a Harlem ta ƙasa,
Ƙuri'a ta rabu, kowa ya ja nasa.

Can arewa 'yan Dominika suka haɗa kai,
Sau na uku Espaillat ya kai.

Haifaffen Santiago, ya zo yana yaro,
Takardarsa ta ƙare, ya zauna da tsoro.

A 2017 ya yi rantsuwa a zaure,
Ɗan Dominika na farko, ƙofa ta ɓare.

'Yar Fasaha:
Auta ka manta da mutum ɗaya a cikin masu jan nasu. Yaya, matso.

Ɗan Powell ya zo neman gadon gida,
A 1994 Rangel ya kada,
A 2010 ya sake, aka ƙara kada,
2016 ma ya dawo ba kujera.

Mai Tawada:
Uban nake yabo, ban ɗauki kwangilar ɗa ba. Kuma Auta, kada ka ɗora komai a kan taswira da haɗin kai.

Kuɗin haya ne ya fi kotu yanka,
Gidajen Harlem suna ta haurawa.

Jikokin waɗanda suka zo daga Kudu,
Wasu sun sayar, wasu na komawa.

Masu hannu da shuni suna ta shigowa,
Unguwar na nan, masu ita na raguwa.

Sarkin Zambo:
Malam ya bar yabo ya koma makoki,
Hajiya na kirari, Auta na ɗoki,
Gwani na lissafi, Baba na duba baki,
Ni kaɗai ne ban ci kuɗin kowa ba.

Na-Baya:
Afuwan, sai yau na samu caji. Zan koma kan ƙidayar Gwani, akwai abu biyu da bai taɓa ba.

Ɗan Harlem in an kai shi kurkuku,
A can ƙauye ake ƙirga shi, ban da ku,
Mazaɓar ƙauye ta ƙaru da naku,
Shi kuwa fursuna ba ya zaɓe.

A 2010 jiha ta gyara doka,
A mayar da shi adireshinsa na can baya, inda ya saba sauka,
Don kujerun majalisar jiha, ba duka,
Sai a lura wajen rarrabe.

Titi na 116 kuma, ta yamma,
'Yan Senegal ne da shaguna da dama,
An ƙirga su, mazaɓa ta cika ta yi ƙima,
Mai ƙuri'a cikinsu sai an tsince an keɓe.

Gwanin Ƙidaya:
Daidai ne. Kuma irin waɗannan su suka fi ɓacewa a ƙidaya: masu haya ɗaki-ɗaki a gida guda, da masu tsoron takardar hukuma. Ka tuna mutum 89 ɗin nan.

Baba Mai Aruli:
Na-Baya, ɗango na biyu a baitinka na biyu gaɓa 21 ne. Na ƙirga sau biyu. Sake shi.

Na-Baya:
Baba ai adireshin ne da tsawo.