Yaya ake ƙiyasta kuɗin matsalolin da ke biyo bayan maganin rage zafin naƙuda?

Ɗalibar ilimin lafiya:
Assalamu alaikum. An ba ni aikin ƙiyasta abin da asibiti ke kashewa a kan matsalolin da ke tasowa daga hanyoyin rage wa mata zafin naƙuda, musamman allurar efidural da ake yi a gadon baya da kuma allurar fetidin. Kuɗin allurar da ladan mai yin ta a rubuce suke, amma abin da ke biyo baya ne ya ɗaure mini kai, domin wasu matsalolin kullum ana ganinsu kuma ba su da tsada, wasu kuwa sai a shekara ba a gamu da su ba, amma idan suka zo sai sun ci kuɗi masu yawa. Ta ina ya kamata in fara?

Likitan sa barci:
Wa alaikumus salam, Malama. Ƙa'idar ita ce ki ɗauki kowace matsala, ki ninka yiwuwar aukuwarta da kuɗin maganinta, sannan ki tara. Ki fara da ciwon kan da ke zuwa idan allurar efidural ta zarce ta huda fatar da ta rufe ruwan laka. Hakan na samun kusan mace 1 cikin 100, kuma fiye da rabinsu ciwon kan kama su, yawanci bayan kwana ɗaya zuwa uku. Yana tashi idan mace ta zauna ko ta miƙe, ya lafa idan ta kwanta. Idan ya ƙi sauƙi, akan ɗebi jininta kimanin mililita 20 a zuba a wurin don ya daskare ya toshe hujin, aikin da ke buƙatar ma'aikata biyu da ɗaki mai tsafta, wani lokaci ma sai an maimaita. Saboda ciwon kan yana makara, wasu matan sai an sallame su suke dawowa, don haka idan takardun ɗakin haihuwa kaɗai kika duba, za su kuɓuce miki.

Ungozoma:
Abin da likita ya faɗa haka yake, sai dai a ganina ƙananan abubuwa ne suka fi cin kuɗi idan aka tara su, kuma su ne ba a cika rubutawa ba. Macen da aka yi wa efidural sai an riƙa awon hawan jininta a kai a kai saboda yakan yi ƙasa, sau da yawa a sa mata robar fitsari. Idan zazzaɓi ya rufe ta, wanda allurar kan jawo ko da babu ƙwayar cuta, jaririn ne ke shan gwajin jini da maganin kashe ƙwayoyin cuta har sakamako ya fito. Fetidin kuma tana ratsa mabiyiya, ta yadda idan haihuwa ta zo kafin ƙarfinta ya saki jariri, yakan fito da raunin numfashi da yawan barci, ya kasa kama nono. Duk wannan lokacin ma'aikata ne, ki sa masa farashi.

Mai bincike:
Ina so in ja kunnenki kan ɗora wa allura laifin da ba nata ba. Matan da naƙudarsu ta yi tsawo su ne suka fi neman efidural, kuma su ne dama suka fi fuskantar tiyata. Bitar 2018 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ta nuna cewa efidural ba ta ƙara yawan tiyatar cire jariri ba, kuma ƙarin amfani da na'urar jawo jariri bai bayyana a gwaje-gwajen da aka yi bayan 2005 ba. Sannan ki cire abin da aka rage, domin mai efidural da tiyatar gaggawa ta kama akan ƙara mata magani ta siririyar robar efidural da aka bari a bayanta, ba sai an sa ta barci ba.

Ɗalibar ilimin lafiya:
Na gode ƙwarai. To, taruwar jini ko ƙurji a kusa da laka fa, tunda babu ko ɗaya a bayanan da nake da su?

Mai bincike:
Kada ki rubuta sifiri. Ki ɗauko adadin daga babban bincike irin wanda Kwalejin Likitocin Sa Barci ta Birtaniya ta fitar a 2009, ki ware masa layinsa, ki haɗa hoton cikin jiki na MRI da tiyata da jinyar da ke biyo baya, sannan ki nuna jimillarki sau biyu, da shi da kuma ba shi.