Gidan Howard na Ingila: uba Duke na Norfolk, ɗa Earl na Arundel, ya abin yake?

Bazamfara_Gusau:
Assalamu alaikum malamai. Mutumin da ya shirya jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022 da naɗin Sarki Charles a 2023 ana ce masa Duke na Norfolk na 18. Sunan gidansu Fitzalan-Howard, babban ɗansa kuma Earl na Arundel ake kiransa, alhali uban na raye. Ina shirya wa ɗalibai darasin kwatanta sarautarmu da tasu ne. Wa ke zaɓen magaji a wurinsu? Suna da masu zaɓen sarki kamar mu? In babu ɗa namiji fa?

Malamin_Tarihi_Argungu:
Wa alaikumus salam Malama. Ki fara cire batun zaɓe daga lissafi. A Gwandu ko Argungu ko Anka, in sarki ya rasu 'ya'yan gidan sarauta da dama na iya nema, masu zaɓe su tantance, gwamna ya amince. Can babu wannan ko kaɗan. Ranar da aka fara ba mutum sarauta ana rubuta takardar naɗi da hatimin sarki, kuma a cikinta ake faɗin hanyar da za ta bi bayansa. Galibi abin da ake rubutawa shi ne maza na tsatsonsa, waɗanda aka haifa da aure. Numfashin uba na ɗaukewa babban ɗa ya zama shi ne, ko jariri ne, ko bai cancanta ba. Ɗan riƙo ba ya gada, uba kuma ba shi da ikon sauya magaji da wasiyya.

Matakan biyar ne daga sama: Duke, Marquess, Earl, Viscount, Baron. Mutum ɗaya na iya tara da yawa, a kira shi da mafi girma. Nan amsar tambayarki take. Earl na Arundel na ainihi uban ne da kansa. Ɗan aron sunan yake yi don girmamawa, har ranar da zai gada. Kuma wannan aro sai magajin da babu mai iya shiga gabansa, wato babban ɗa. Ƙane ko ɗan baffa da ke jiran gado ba a ara masa, don gobe ana iya haifar namiji ya ture shi. Ƙannen babban ɗan ana sa musu Lord gaban sunan yanka, matan kuma Lady.

Tushen gidan kuwa: Sarki Richard na 3 ya naɗa John Howard a 1483, aka kashe su tare a yaƙin Bosworth a 1485. Sabon sarki ya ƙwace sarautar daga ɗansa Thomas, ba a dawo masa da ita ba sai 1514, bayan Thomas ɗin ya ci Sikotland da yaƙi a Flodden a 1513. Duke na 4 ya auri Mary FitzAlan, 'yar Earl na Arundel, ta nan sarautar Arundel da gidanta na Sussex suka shigo hannunsu, sunan Fitzalan ma daga baya suka liƙa shi gaban Howard don tunawa da ita. Shi wannan na 4 Sarauniya Elizabeth ta 1 ta sa aka sare masa kai a 1572 kan zargin cin amanar ƙasa, sarautar ta faɗi shekara 88. Charles na 2 ya mayar da ita a 1660 ga jikan jikansa. Aikin shirya bukukuwan fada kuma na sarautar Earl Marshal ne, wadda ta zama gadon gidan tun 1672.

Dattijo_Yauri:
Allah shi ƙara sani Malam. Ina so in ja hankalin Malama kan lissafin lambobi, don nan masu zana bishiyar zuri'a ke tuntuɓe. Tsakanin Duke na 4 da na 5 akwai mutum uku, ɗa da jika da tattaɓa-kunne, waɗanda ba su riƙe sarautar Duke na Norfolk ba, don haka ba su da lamba a jerin. Wanda ya ɗauka na 5 ɗan na 4 ne ya ɓatar da zuri'a uku. Na biyu, kafin Howard gidan Mowbray sun riƙe wannan suna tun 1397, da nasu na 1 da na 2. In gida ya ƙare aka sake naɗi, lamba daga 1 take sake farawa. Mahaifiyar John Howard 'yar Mowbray ce, amma ba gadonta ya ci ba, sabon naɗi aka yi masa. Ki riƙa rubuta shekarar naɗi kusa da kowace lamba.

Bazamfara_Gusau:
Na gode Baba, na gode Malam. Saura batun mata. Ke nan 'ya mace ba ta da komai?

Hajiya_BirninKebbi:
Ƙanwata, ya danganta da takardar kowace sarauta, kuma gidan nan ma ya isa misali. Duke na 16, Bernard, ya rasu a 1975 ya bar 'ya'ya mata huɗu, babu namiji. Norfolk ta tsallake su duka. Sai da aka koma sama har kan Duke na 13, aka gangaro ta wajen ɗansa na biyu, aka iske Miles, shi ya zama na 17, kuma shi ne mahaifin na yanzu da ya gada a 2002. Amma Bernard yana da wata sarautar Sikotland, Herries, da ya samu ta wajen uwa, ita kuwa mace na iya riƙe ta. Sai ta tafi ga babbar 'yarsa Anne, bayanta ƙanwarta Mary, bayanta autarsu Jane. Mutum ɗaya ya rasu, rawunansa suka rabu gida biyu.

Tsofaffin sarautun Baron na Ingila, waɗanda suka samo asali daga takardar kiran mutum zuwa majalisa ba takardar naɗi ba, su ma mace na gadonsu. Miles kansa ya gaji Baron Beaumont daga mahaifiyarsa a 1971. Matsalarsu ɗaya: in mata biyu ko fiye aka bari, doka na ɗaukarsu daidai, ba babba ba ƙarama, sai sarautar ta tsaya a rataye ba mai riƙe ta. Tana iya yin ɗaruruwan shekaru haka, har zuri'ar ta ragu zuwa mutum ɗaya ko sarki ya warware wa ɗaya daga cikinsu. Kada ki haɗa wannan da sarautar da ta mutu don magada sun ƙare, ko wadda ta kwanta don mai da'awa ya kasa kawo hujjar nasabarsa. Hali uku ne daban.

Hanya ta ƙarshe ita ce doka ta musamman. John Churchill, Duke na Marlborough na farko, ɗansa ya rasu a 1703, majalisa ta yi doka a 1706 ta buɗe wa 'ya'yansa mata. Henrietta ta gada a 1722, bayanta ta koma ga ɗan 'yar'uwarta, Charles Spencer. A ganina rashin adalci ne ƙarara a ce an gyara dokar gadon sarautar ƙasa a 2013 don mace ta daina komawa bayan ƙanenta, amma aka bar waɗannan yadda suke.

Malamin_Tarihi_Argungu:
Hajiya ta gama magana. Ƙari biyu don darasinki, Malama. Sarauta daban, dukiya daban. Takardar naɗi ba ta raba gona ko gida. Al'adarsu dai ita ce a damƙa wa babban ɗa ƙasar gaba ɗaya ta hanyar wasiyya da amintattu don kada ta tarwatse, saɓanin rabon gado na shari'a da muka sani, inda kowane magaji ke da kasonsa. Ga harajin gado na kashi 40 cikin 100 kan abin da ya haura fam 325,000, wanda ya sa manyan gidaje da yawa ke buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido.

Sannan Duke na Norfolk ba ya mulkin Norfolk. Ba shi da hakimai ko dagatai a can, mazauninsa ma a Sussex yake. Kujerar majalisar dattawa ce babban ikon da gado ke ba su a da, dokar 1999 ta rage masu shiga ta gado zuwa 92. Wanda ba ya son rawanin kuma dokar 1963 ta ba shi wata 12 daga ranar gado ya ajiye shi tsawon rayuwarsa, in ya rasu magajinsa ya ɗauka. Haka ɗan siyasa Tony Benn ya yi da sarautar Viscount Stansgate don ya samu damar komawa majalisar wakilai, babban ɗansa ya gaje ta a 2014.