Fitsari na zubo min in na yi tari ko atishawa, ga ciwon kwankwaso, shin fisiyo zai yi min amfani?

Maman Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, na daɗe ina son yin tambayar nan kunya ke hana ni. Wata 7 kenan da na haihu, haihuwa ta uku ce, da kaina na haihu amma naƙudar ta yi tsawo har sai da aka yi min ƙari aka ɗinke. To tun daga lokacin in na yi atishawa ko tari mai ƙarfi ko na sunkuya zan ɗauki yaron sai in ji fitsari ya ɗan zubo, ba wani da yawa ba amma ya isa ya jiƙa min wando, yanzu har ta kai ko ba na al'ada sai na sa audugar mata kafin in fita, ko dariya ma rabi da rabi nake yi a cikin mutane. Ga ciwon kwankwaso da ke taso min da yamma, wani lokacin sai na dafa bango nake miƙewa. Da can kullum da safe ina tafiyar ƙafa kusan minti 40, yanzu na daina saboda tsoro, ruwa ma na rage sha. Na faɗa wa wata babba a danginmu ta ce ai haka kowace mace take bayan haihuwa, in yi haƙuri kawai. Likitan da na gani kuma ya rubuta min in je sashen fisiyo, ni kuma a sanina wajen gashi ne na masu karaya da shanyewar ɓarin jiki, me za su gasa min? Takardar na nan cikin jaka sati 3 ban je ba. Wadda ta taɓa zuwa dan Allah ta faɗa min gaskiya me ake yi a can kuma ana warkewa kuwa?

Ummu Tagwaye:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya ƙara lafiya ya raya mana yaron. Wallahi kamar labarina kike bayarwa, ni sai da na shekara kusan 2 a haka bayan tagwaye kafin na je, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne lokacin da na ɓata ina haƙurin da bai zama dole ba. Gaskiya ne mata da yawa na fama da shi, amma yawan masu ciwo ai ba ya sa ciwo ya zama lafiya.

Bari in ba ki yadda aka yi min. Ranar farko babu wani gashi, zama muka yi da ma'aikaciyar fisiyon tana ta tambaya, sau nawa nake fitsari a rana, ina tashi da dare, yaya bayan gida yake, akwai zafi lokacin saduwa, har ta ce in je in rubuta na kwana 3 abin da na sha da lokutan da na shiga banɗaki da lokutan da ya zubo. Ta zana min a takarda ta nuna min cewa akwai wasu tsokoki a can ƙasan ƙugu, sun shimfiɗu daga ƙashin gaba zuwa ƙashin wutsiya na baya, su ne ke tallafe da mafitsara da mahaifa da hanji, nauyin ciki da naƙuda na sa su saki, to da kin yi tari ƙarfin zai danno daga sama su kuma ba su riƙe da wuri ba. Daga baya da yardata ta sa safar hannu ta duba ni ta ce in matse, ashe ni duk matsin da nake yi a gida yunƙuri nake yi ƙasa kamar mai nishi, wato ƙara ɓata abin nake ban sani ba. Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin ce miki ki je, don a bidiyo babu mai ce miki kin yi daidai ko ba ki yi ba.

Yadda ta koya min, ki kwanta ki lanƙwasa gwiwa, ki yi kamar za ki riƙe iska kar ta fita kuma ki riƙe fitsari a lokaci guda, ki ji abin ya matse ya ɗago sama ta ciki, banda ɗauke numfashi, banda matse ɗuwawu ko cinya. Ni da sakan 3 na fara don iya abin da zan iya kenan, in saki in huta sosai in sake, a hankali na kai sakan 10, sai kuma masu sauri matse saki matse saki guda 10, sau 3 a rana. Da na iya a kwance sai a zaune, sai a tsaye. Sannan wata dabara da ta taimake ni tun satin farko, kafin ki yi tari ko atishawa ko ki ɗaga yaro ki fara matsewa tukuna. Ban ga canji na sosai ba sai wajen sati 7, har na kusa dainawa, amma zuwa wata 4 na ajiye audugar. Ruwa kuma dan Allah ki koma sha yadda kika saba, rage shi na sa fitsari ya yi kauri ya dinga tsikarar mafitsara, ga bushewar ciki, kuma yunƙurin bayan gida shi ne babban abokin gabar tsokokin nan.

Direban Dare:
Yaya ki yi haƙuri na shigo maganar mata, ɓangaren ciwon bayan kawai zan taɓa. Ni zaman tuƙi ne ya jawo min, da ya tashi sai na kwanta kusan sati 2 ina jiran ya lafa, da na tashi bayan ya ƙage kamar katako ko takalmi ba na iya sawa sai an taya ni. Abin da mai fisiyo ya fara ce min shi ne kwanciyar ce ta ƙara min, baya motsi yake so. Ya sa ni tafiya minti 10 safe da yamma da wasu 'yan atisaye a kan tabarma, ina kwance in ɗaga ƙugu sama in sauke, in yi rarrafe in miƙa hannu ɗaya da ƙafar ɗaya ɓangaren. Ya ce yawancin ciwon ƙasan baya, kusan kashi 90 cikin 100, ko an yi hoto ba a samun takamaiman cuta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, wannan ya kwantar min da hankali sosai don da na ɗauka wani abu ne ya goce. Kar ki bar tafiyar nan taki, ko minti 10 ne ki fara.

Ma'aikaciyar Fisiyo:
Maman Uku sannu da jiki. Aikina kenan, kuma Ummu ta yi bayani mai kyau, zan ɗan ƙara ne a inda nake ganin ana yawan yin kuskure. Abin da kika kwatanta, zubowa lokacin tari da ɗaga nauyi, shi ne irin wanda atisayen nan ya fi yi wa aiki. Ba sabon abu ba ne, wani likitan mata ɗan Amurka Arnold Kegel ne ya wallafa shi a 1948 shi ya sa za ki ji ana cewa Kegel. Hukumar NICE ta Ingila mai fitar da ƙa'idojin kula da lafiya ma abin da ta ce a fara da shi kenan kafin a yi maganar tiyata, aƙalla wata 3 ƙarƙashin kulawar ƙwararre, matsi aƙalla 8 sau 3 a rana. Ki lura da wata 3 ɗin nan, tsoka ce, ba ta ƙarfi a sati ɗaya.

Amma abin da ke damuna shi ne yadda ake cewa kowa ya je ya yi ta matsi. Ba kowa ba ne tsokarsa ta saki, wasu tasu a ɗaure take ta ƙi sakewa, musamman mai jin zafi lokacin saduwa ko zafi a wurin ɗinki ko wadda fitsari ke mata wuyar farawa, irin wannan in ta dage da matsi ciwon ƙaruwa zai yi, ita sakewa muke koya mata da numfashi mai zurfi ta ciki da tausar tabon. Tunda an yi miki ƙari ki faɗi komai kar ki ɓoye. Kuma kar ki mai da tsayar da fitsari a tsakiya ya zama atisayenki, yana iya hana mafitsara juyewa gaba ɗaya. Za a kuma duba tsokar cikinki ko ta rabu a tsakiya bayan goyon ciki, tana da hannu a yadda kike ɗaukar nauyi.

Akwai abubuwan da ba namu ba ne, likita za a koma. In fitsari na tsiyaya ne dare da rana ba tsayawa ko kina kwance, bayan doguwar naƙuda, wannan yana iya zama yoyon fitsari wato ɓulewa tsakanin mafitsara da farji, aiki ake yi a ɗinke, atisaye ba ya toshe shi. In da zafi wajen fitsari ko jini ko zazzaɓi a gwada fitsarin. In kina jin nauyi ko wani abu kamar ƙullutu na saukowa ta gaba ki faɗa a duba ko zazzagowa ce. Wanda kuma ba a kwana da shi, ciwon baya tare da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi da wajen dubura, ko kasa fitsari, ko bayan gida na fita ba ki sani ba, ko ƙafafu sun yi sanyi ba ƙarfi, a tafi asibiti a take.

Maganar tafiya na goyi bayan ɗan uwa direba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu ciki da waɗanda suka haihu ita ce aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, in kika raba minti 30 ne kwana 5, irin tafiyar da za ki ɗan yi haki amma kina iya magana. Gudu da tsalle ki dakata tukuna sai riƙon ya yi ƙarfi. Wajen ɗaukar yaro kuma ki durƙusa da gwiwa ki jawo shi jikinki, ki matse, ki fitar da numfashi sannan ki miƙe. A banɗaki in na zama ne ki sa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa gwiwa ta ɗara ƙugu tsayi.

Maman Uku:
Na gode ƙwarai wallahi, har na ji kamar an sauke min kaya. Nawa ba ya zuba in ina kwance, sai dai maganar zafin wurin ɗinki da kika yi Anti, akwai shi, ban taɓa faɗa wa kowa ba har likitan don na ɗauka ba shi da alaƙa. To in fara matsin tun yanzu ko in bari sai an duba ni? Kuma zan iya cewa mace nake so ta duba ni?

Ma'aikaciyar Fisiyo:
Tunda akwai zafin ki bari a duba ki tukuna, kafin nan ki koma tafiyarki a hankali da shan ruwa. Haƙƙinki ne ki nemi mace, kuma ba a duba ki ta ciki sai kin amince, kina iya cewa a tsaya a kowane lokaci. Ki fara rubutun kwana 3 ɗin nan da Ummu ta faɗa tun gobe da safe, ki tafi da shi tare da takardar likitan.