Gam, danƙo ko ƙaro? Neman sunan abin da ke hana yogot tsinkewa

Mai yogot ta Gwammaja:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekara huɗu ke nan ina yin yogot a gida ina kai wa shaguna. Yanzu so nake in buga takardar jikin gora da Hausa, tunda yawancin masu sha ba Turanci suke karantawa ba. Madara, sukari, ruwa, duk na rubuta. Da na zo kan ɗan garin da nake barbaɗawa don kada ruwa ya kwanta a sama, sai na tsaya cak. A jikin ledarsa an rubuta "guar gum", a ƙasa kuma "stabilizer". Na taɓa ce wa wata mai shago gam ne, ta zaro ido ta ce, "Gam ɗin liƙa takalmi kike ba wa 'ya'yan mutane?" Ranar ta dawo min da gora goma sha biyu. Abin ya tsaya min a rai, don na san garin ƙwayar wani wake ne da ake nomawa a Indiya da Pakistan. Don Allah me zan kira shi?

Malamin Hausa, Ƙofar Nasarawa:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mai shagon nan ba ta yi laifi ba. Kalmar gam ta riga ta shigo Hausa ta zauna a wurin kafinta da mai gyaran takalmi, ba ki isa ki ciro ta daga can ki kai ta cikin ƙwaryar abinci ba. Danƙo ma ba zai yi ba. Wanda ya ji danƙo, cingam zai tuna, ko robar da yara ke harbin tsuntsu da ita. Ni a ganina muna da kalmar tun kaka da kakanni: ƙaro. Duk wanda ya yi makarantar allo ya ga yadda ake jiƙa shi a zuba a tawada don ta kama takarda ta yi sheƙi. Abin da Bature ke kira "gum arabic" shi ne wannan ƙaron namu. To a mayar da shi uban gida, sauran su zama dangin ƙaro. Ki rubuta ƙaron guwar.

Dillali a Dawanau:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda nake ci. Fiye da shekara ashirin ina auna ƙaro a buhu. Mai lamba ɗaya daga itacen dakwara yake fitowa, shi ne garai-garai mai tauri. Mai lamba biyu na dushe ne, ya fi saurin farfashewa, kuɗinsa bai kai na farkon ba. Bayan damina ta ɗauke, ganye ya soma zuba, ake tsaga bawon reshe, a bar shi 'yan makonni, ruwan ya tsatso ya daskare dunƙule-dunƙule, sannan a bi a tsince da hannu. Daga Yobe da Borno da Jigawa yake zuwa mana. A Gashuwa har tashar bincike a kansa gwamnati ta kafa. Sudan ce uwa a wannan harka, sai Chadi da mu. Ku duba darajarsa: da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ƙaro ta tsame daga ciki, saboda kamfanonin lemon kwalba da alawa da magani ba sa iya yi ba shi. Abin da ke min ciwo, mu da muke ɗora shi a mota, 'ya'yanmu suna shan sa a lemo kullum, an rubuta E414 a jikin kwalbar, ba su san ƙaron garinsu ba ne. Saboda haka ina bayan Malam ɗari bisa ɗari.

Ɗalibar kimiyyar abinci a Jami'ar Bayero:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da dangin ƙaro, amma akwai wurin da nake jin za mu yi tuntuɓe. Tambayar Anti tambaya biyu ce a ƙulle. Ɗaya sunan abin, ɗaya sunan aikinsa. Kuma ƙaro na ainihi ba gwanin sa kauri ba ne. Za ki iya narka shi mai yawa a ruwa, ruwan na nan yana zuba salalala. Gwanintarsa ita ce ya kama ɗigon mai ya hana shi haɗuwa ya taso sama, shi ya sa man ƙamshin lemo ba ya yin zobe a wuyan kwalba. Guwar kuwa ko kashi ɗaya cikin ɗari bai cika ba sai ki ga ruwa ya zama kamar koko. Shi ya sa ma masu haƙar man fetur suke saye da yawa, suna kaurara ruwan da suke turawa cikin rijiya da shi, har farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2012. In muka ce ƙaro yana nufin mai sa kauri, mun koyar da kuskure.

Sannan ba dukkansu ne ke tsatsowa daga itace ba. Zantan, E415, wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani ake ciyar da su sukari a tanki su samar da shi. Agar da karajinan daga ciyawar teku ake tatso su. Shin waɗannan ma ƙaro ne?

Malamin Hausa, Ƙofar Nasarawa:
Madalla da wannan 'ya. Kin gyara min, na karɓa. Amma a kan tambayarki ta ƙarshe ban ga matsala ba. Harshe ba ya jiran abu ya yi kama da na farkon sak kafin ya ara masa suna. Jirgi a da na ruwa ne kawai, yau ga na ƙasa ga na sama. Mai kuma na shanu ne da na gyaɗa kafin a san fetur. Sai mu ce ƙaron itace, ƙaron ƙwaya, ƙaron ciyawar teku, ƙaron zantan. Ba wanda zai ruɗe.

Batun aikin kuwa, mu koma madafa. Me mace ke cewa in kununta ya lalace? Ya tsinke. Me take cewa in ya yi yadda take so? Ya yi kauri. Hausa kuma ta iya ƙulla aikatau da suna ta haifi sabon suna, kamar hana-salla da tuma-ƙasa. To ga su: ƙara-kauri da hana-tsinkewa.

Wata uwa daga Yakasai:
Malam, ni ba boko na yi mai zurfi ba, amma shekara arba'in ina tsaye gaban murhu. Me ya sa ba ku ambaci yauƙi ba? Kuɓewa, karkashi, lalo, kuka, duk wannan aikin suke yi. Ɗanwake in ba ki sa garin kuka da kanwa ba, kina jefa shi a tukunya zai watse. Kukar ce ke riƙe shi. Ashe mun daɗe muna amfani da hana-tsinkewar, suna ne ba mu raɗa masa ba. Kuma marigayi maigidana magini ne. Ya sha faɗa min yadda ake haɗa laso, simintin mutanen da: katsin da aka kwaso daga rijiyar marina irin ta Ƙofar Mata, da gashin akuya, da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe soro ruwa bai ratsa ba. To ni sai na ga yauƙin ya fi ƙaro kusa da abin da yarinyar nan take nufi.

Ɗalibar kimiyyar abinci a Jami'ar Bayero:
Mama, wallahi a kimiyyance kin fi mu gaskiya. Yauƙin kuɓewa da na kuka 'yan gida ɗaya ne da su guwar, dukkansu dogayen sarƙoƙin sukari ne masu shan ruwa su kumbura. Matsalar kasuwa ce kawai. In aka rubuta yauƙi a jikin yogot, mai saye zai ɗauka ya lalace, domin madarar da ta yi yauƙi zubar da ita ake yi. Sai mu bar yauƙi wajen bayani a aji, kada ya hau gora.

Wani gargaɗi ga masu fassara: akwai mai lamba E410 da Turawa ke kira "locust bean gum". Na ga inda aka fassara shi da ƙaron ɗorawa, saboda su Turawan suna kiran ɗorawarmu da kusan wannan sunan. Ba ɗorawa ba ce, ba ruwansa da kalwa ko daddawa. Ƙwayar wani itace ce da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, wanda Larabawa ke kira kharrub. A ce ƙaron kharrub.

Dillali a Dawanau:
Ni abin da ya fi min daɗi a kalmar ƙaro, tana kwantar da hankalin Musulmi. Mutanenmu suna tsoron jelatin, kuma da dalili, don daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, wani lokacin na alade. Shi ma yana sa abu ya daskare, amma ba ɗan wannan dangin ba ne. Wanda ya ga ƙaron guwar a rubuce ya san daga tsiro ne, ba sai ya je ya tambayi malami ba.

Mai yogot ta Gwammaja:
Allah ya saka muku da alheri, Baba, Malam, Mama da ƙanwata. Ga abin da zan kai wa mai buga takarda a Fagge gobe in Allah ya kai mu: "Abubuwan da ke ciki: madara, ruwa, sukari, ƙaron guwar don hana tsinkewa." Na karanta wa surukata shi ɗazu ba tare da na yi mata bayanin komai ba, ta ce, "Au, ƙaro ne? To ai wannan muna yara har tsotsa muke yi." Gora ta farko da za ta fito da sabuwar takardar, waccan mai shagon zan fara kai wa.

Saura ɗaya, Malam. Wancan aikin da ƙanwata ta ce ƙaro na ainihi ya fi ƙwarewa a kai, na sa mai da ruwa su zauna wuri ɗaya, shi kuma ya za mu kira shi? Ina so in soma yin mayonis.